Sarƙar rimis ɗinmu ta tsinke, wace doka za mu sa wannan karon?

MaiKalangu_Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Mu bakwai ne, wasu nan Garwa wasu Marwa da Kusiri, duk a arewacin Kamaru, muna yin rimis na sarƙa, wato in ɗora kiɗa in miƙa wa na gaba ya taɓa shi ma ya miƙa. Bara mun gwada abin ya watse, kalangun da na ɗauka da hannuna a gidan biki kafin ya kai mutum na biyar babu shi sam, wani kuma ya riƙe waƙar sati uku. Bayan sallah za mu sake, wallahi ba na son zumunci ya ɓaci, ku ba mu shawara.

Ɗan_Ngaundere:
Wa alaikumus salam yaya. Ku fara tsayar da gudun kiɗa, in 100 BPM ne, wato bugu 100 a minti ɗaya, kowa ya zauna kai, da abu ɗaya da ba a cirewa, ni a ganina kalangun nan ne. Sannan kar wanda ya tura MP3 don duk wanda ya buɗe ya sake fitarwa ingancin sauti yana raguwa, a tura WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, murya daban ganga daban. Minti ɗaya na WAV kusan mega 10 ne, ya fi cin data amma ya fi tsabta, kuma a WhatsApp a tura shi a matsayin dokiman. Kwana biyar kowa, wanda wuta ta hana shi ya faɗa tun da wuri a tsallake shi ya dawo ƙarshe.

Anti_Njamena:
Ƙanena duk wannan mai sauƙi ne, rigimar tana wajen waƙar ta waye. Ni an taɓa yanka muryata aka liƙa ta kan baitin batsa, sai a wayar ƙanwata na ji, har yau abin yana min ciwo. Ku rubuta tun kafin a fara, ba a ɗora wa muryar mutum kalmar da bai yarda da ita ba, sunan kowa ya fito bi da bi yadda aka yi aikin, kuma mutum ɗaya kaɗai zai sa a YouTube da yawun kowa. Kar ku tsinci guntun waƙar wani ku saka, Content ID, wato tsarin YouTube mai gano waƙar wani, zai kama. In kuɗi ya fara shigowa, mu nan Chadi BUTDRA, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasarmu, muke zuwa rajista, ku ma ku nemi ofishin haƙƙin mallaka na wajenku.

Bit_Marwa:
Ni dai kar doka ta yi yawa, daɗin sarƙa ai shi ne ba ka san abin da zai dawo maka ba. In wani ya ga algaita ta fi dacewa ko ya sa amshi da Fulatanci a bar shi mana, kalangun ya rage ko daƙiƙa goma ne.

MaiKalangu_Garwa:
Na gode ƙwarai. Anti Allah ya huci zuciyarki, maganarki ita za mu fara rubutawa. Daƙiƙa goma dai ta yi kaɗan malam, mu ce ashirin?