Shawarwari ga ƙungiyar masu harkar baƙi a Kano

A tattaunawar masu otal da 'yan rakiyar baƙi, an fi daɗewa kan asusun taimako. Kasuwar nan ta lokaci ce: ɗakuna su cika lokacin Hawan Sallah, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama a 2024, sannan a shiga zaman jira. Shawarar ita ce kowane mamba ya riƙa zuba wani abu duk wata, don kuku ko mai shara ya samu tallafi idan ciwo ya zo ko aka soke hawa. Wannan ta fi kwanta mini, domin su ne suka fi jin jiki.

An kuma nemi a horar da matasa rakiya, a riƙa kai baƙi marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, kuɗin ya shiga hannun masu sana'a.