Kula da cibiyar jariri

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Kakar jaririnmu ta ce a gasa cibi da tsumma mai zafi. Ya dace?

Ungozoma: Wa'alaikumussalam. A lallashi Inna, gashi yana ƙona fata, tsumman kuma yana kawo ƙwayoyin cuta. A wanke hannu da sabulu, a shafa man chlorhexidine 4% (maganin kashe ƙwayoyin cuta) a cibin da kewayensa, sau ɗaya kullum, kwana 7. Kar a rufe shi da kunzugu. Kada man ya taɓa ido, yana makantarwa.

Malam Nas: Banda toka da man goge baki. Cibi kan faɗi da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu. In ya yi ja, wari ko mugunya, ko jariri ya ƙi nono, a tafi asibiti ranar nan.