Adolescence a Hausa: ni dai na tsaya a kan "tashen balaga"

1/ Assalamu alaikum 'yan uwa masu fassara, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya. Akwai kalmar da take wahalar da mu a takardun wayar da kai da shirye-shiryen rediyo, wato adolescence. Turanci da Faransanci rubutu ɗaya suke yi mata, saboda haka damuwar mai fassara a Kano ita ce ta ɗan uwansa a Maraɗi. Wannan ya sa "balaga", wancan ya sa "ƙuruciya", wani ya ce "matasa" ya wuce. Ya kamata mu tsayar da magana ɗaya.

2/ Da wannan kalma, Hukumar Lafiya ta Duniya tana nufin shekarun rayuwa daga 10 zuwa 19. Tushen kalmar a Latin yana nufin wanda yake kan girma, bai gama ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, G. Stanley Hall, shi ya fito da ita fili a fagen ilimi a 1904. Zango ne na shekaru, ba abu ne da yake faruwa a dare ɗaya ba.

3/ A nan "balaga" ta gaza, kuma gazawar tana da haɗari. Balaga iyaka ce da ake tsallakewa. A fiƙihun Malikiyya alamominta sanannu ne: mafarki, haila, ɗaukar ciki, tsirowar gashin mara, in babu ko ɗaya sai a jira cikar shekara 18. Da zarar an ce "ya balaga", abin da kunnen Bahaushe yake ji shi ne an gama, alƙalami ya hau kansa, ya shiga sahun manya. Ta fuskar sallah da azumi haka ne. Amma jiki da ƙwaƙwalwa a lokacin suka ɗauki hanya. Yarinya kan fara nuna alamu tsakanin shekara 8 da 13, namiji tsakanin 9 da 14, alhali sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, wanda yake auna abin da zai biyo baya ya kuma taka wa zuciya burki, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Sashen da yake son daɗi da yabon abokai kuwa ya riga shi nuna. Ga inda ganganci a kan babur yake fitowa, ga inda "abokaina sun ce" take fin maganar uba ƙarfi. Har agogon barcinsu yana ja baya, barci ba ya zuwa musu da wuri, da asuba kuma tashi ya yi wuya, mu kuma mu ce lalaci ne.

4/ Addininmu ma bai haɗa biyun ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a jarraba marayu har su isa aure, sannan sai an ga shiriyar hankali a tare da su, wato rushdi, kafin a miƙa musu dukiyarsu. Tsakanin balaga da rushdi akwai tazara, kuma sunan wannan tazarar muke nema.

5/ "Ƙuruciya" ta yi faɗi. Ɗan shekara biyar yana cikinta, dattijo kuma zai ce "lokacin ƙuruciyata" yana nufin yana ɗan talatin.

"Matashi" kuwa siyasa ta ja ta har ta saki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 15 zuwa 24, yarjejeniyar matasan Afirka da aka amince da ita a Banjul a 2006 ta ce 15 zuwa 35, a unguwa kuma mai furfura yana riƙe da shugabancin matasa. A bar ta ga youth, can ta dace.

6/ Wani malami ya kawo "murahaƙa", kuma hujjarsa ba ta banza ba ce, don Larabcin zamani da ita yake amfani. Sai dai a littattafan fiƙihu murahiƙi shi ne wanda ya kusa balaga bai kai ba. Almajirin zaure zai fahimci abu ɗaya, likita yana nufin wani, uwa a ƙauye kuma ba ta taɓa jin ta ba.

7/ Waɗanda suka fi jan hankalina su ne "samartaka" da "'yammatanci", domin namu ne na gado. Da akwai sarkin samari, akwai dandali, akwai gayauna da uba yake yankar wa ɗansa a gefen gandu don ya koyi riƙon kansa. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da Samariya ta mai da ita ƙungiyar ƙasa. To amma kalmomin biyu ne, na maza daban na mata daban, kuma aure ne yake yanke su, ba shekaru ba. Yarinya 'yar 15 in aka ɗaura mata aure, daga ranar ta daina zama budurwa, ta koma amarya, ta koma matar gida. Ƙugunta bai gama buɗewa ba, tsawonta bai tsaya ba, jininta yana bukatar ƙarin sinadarin ƙarfe, amma harshe ya riga ya fitar da ita daga layin waɗanda ake yi wa tanadi. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a arewacin Najeriya ma abin ba baƙo ba ne. Duk kalmar da za ta bar waɗannan yaran a waje, ni ba zan sa mata hannu ba. In sanarwar asibiti ta ce "'yammata su zo", wadda ta fi kowa bukatar zuwa za ta zauna a ɗaki, don ba da ita ake ba.

8/ Shi ya sa na zaɓi "tashen balaga". Ba ƙirƙira ta na yi ba, tana bakin iyayenmu: "rabu da shi, tashen balaga ne yake damunsa." "Tashe" tana ɗauke da motsi, abu ne da yake kan ganiyarsa kuma zai lafa. Ba ta bambanta mace da namiji, ba ta tambayar ko an yi aure. Mutum ɗaya "mai tashen balaga", jam'i "masu tashen balaga", zangon kuma "shekarun tashen balaga".

9/ Na san ƙorafi biyu. Na farko, ana yawan faɗin ta cikin faɗa, har ta ɗauki ƙanshin rawar kai da rashin ji. Gaskiya ne, amma kalma tana wankuwa da amfani. In aka ji ta a bakin ungozoma da malamin Islamiyya cikin mutunci, zargin zai ragu. Na biyu, ɗan shekara 10 da bai ga komai ba fa? A ganina yana ciki, domin jiki yana fara shiri a ɓoye kafin alama ta bayyana, kuma wanda yake bakin ƙofa shi ya fi bukatar a yi masa bayani.

10/ Ku gwada ta a jimla ku ji: "Asibitin ya ware ranar Laraba don masu tashen balaga, da masu aure da marasa aure." "Ƙarancin jini ya yi yawa a shekarun tashen balaga." Puberty ta tsaya a "balaga", youth a "matasa".

'Yan uwa na Damagaram, Agadas, Zangon Kumasi da Garwa, ku faɗa mana yadda take sauka a kunnenku. In a wajenku tana da nauyin da uwa ba za ta iya faɗin ta a gaban 'yarta ba, muna son mu sani kafin ta shiga littafin makaranta.