Me za mu kira baɗɗiha ta giyar otomatik da Hausa?

Baban Hafsa, Jidda: Assalamu alaikum. Ina neman taimako kafin daren Alhamis. 'Yan uwanmu direbobin gida sababbin zuwa sun roƙe ni in ɗaukar musu bayani da murya a kan matsalolin giyar otomatik, domin da mota ta samu matsala su ake ɗora wa laifi. Kalmomin Larabci uku na 'yan sana'iyya, wato unguwar gareji-gareji a nan Saudiyya, sun tsaya mini: tafwit, muk, da baɗɗiha. Yaron da ya sauka daga Haɗeja watan jiya ba Larabci ba Turanci, me zan ce masa?

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Tafwit ba abin wahala ba ne, ka ce giya tana sulluɓewa. Ka taka totur, inji ya yi ihu, allura ta haura, amma mota ba ta ƙara gudu ba. Baɗɗiha kuwa ka mayar da ita kankana kawai, don ma'anarta ke nan da Larabci. Dunƙulen ƙarfen nan ne da ke tsakanin inji da giya, shi ya tsaya a madadin kuloci. Cikinsa kamar fanka biyu ne suna fuskantar juna, sai dai mai ke kai komo a tsakaninsu. Inji ya juya ɗaya, mai ya tura ɗayar. Shi ya sa kake tsayawa a danja, giya tana kan D, mota ba ta mutu ba. In ka miƙe titi akwai ɗan kuloci a ciki da ke ɗaure su wuri guda. Ran da ya fara cinyewa za ka ji karkarwa a gudun kilomita 60 zuwa 80 in ka taka a hankali, kwamfuta kuma sau da yawa ta fitar da lambar matsala P0741.

Malam na Rusaifa: Kafin a je ga kankana, a gyara tushe. Muna zaune a ƙasa mai tsarki, za a tura wa yara murya ana ta maimaita giya, man giya, warin giya? Ku ce masauyi, tunda sauya gudu yake yi. Wancan kuma majuyin ƙarfi. Na daɗe ina faɗar wannan. Hausa ba ta talauce ba da za mu ari sunan kayan marmari daga bakin wasu.

Oga Bakanike: Allah gafarta Malam, tun ina yaron gareji a Kano ban taɓa jin direba ya ce sa giya wani ya zaci abin sha ba.

Abu Nawaf, Makka: Ni ban ga abin fassarawa ba. Yaron nan gobe gaban bakanike zai tsaya a sana'iyya, in ya ce majuyin ƙarfi wa zai kula shi? A koya masa baɗɗiha da gir yadda kowa ke faɗa.

Malam na Rusaifa: Ai ku 'yan nan Hausarku ta riga ta narke cikin Larabci, shi ya sa ba ka ga abin fassarawa ba.

Abu Nawaf, Makka: Baba, wannan maganar ta yi mini zafi. Kakanninmu a ƙafa suka ratsa Sudan har Sawakin, suka haye teku, kuma da Hausar da suka riƙe mana nake amsa maka yanzu. Ku na gida da kuke cewa totur da birki da kuloci, daga wace rijiya kuka ɗebo su?

Maman Sadik: Don Allah a bar wannan, Baban Hafsa yana jira. Ni muk ɗin ne ya dame ni. Muna hawan dutsen Hada za mu Ɗa'if motata ta maƙale a giya ta uku, ta ƙi gaba ta ƙi baya a canji. Wani gareji suka ce muk ne, wani ma suka ce muk ne, amma kuɗin da suka yanka ya yi nisa da juna ƙwarai. Ashe ba abu ɗaya suke nufi ba.

Oga Bakanike: Hajiya kin taɓo inda yake ciwo. Abu biyu ake kira da sunan nan. Akwai kwamfutar da ke ba da umarni. Akwai kuma farantin alminiyom mai ƙananan hanyoyi, galibi a saman kaskon mai, inda solinoyid ke buɗewa da rufewa suna aika mai ga kulocin da ake so. Maƙalewa a ta uku kuma mota ce ke kare kanta in ta ga kuskure, kuma zafin hawa irin na Hada yana iya jawo shi. Baban Hafsa, ka saka wannan a bayaninka ko da ba a samu kalma ko ɗaya ba: kada su yarda a sauke giya kafin a sa kwamfuta a karanta lamba, a kuma duba mai. Mai lafiyayye a yawancin motoci ja ne garau, in ya koma baƙi yana ƙauri to kuloci ya ƙone. Motocin yanzu da yawa ba su da sandar gwaji, sai an ɗaga su an auna a daidai zafin da kamfani ya faɗa. Kuma kowace da manta, man WS na Toyota ba ya shiga giyar CVT ta Nissan.

Maman Sadik: To kwamfutar a ce ƙwaƙwalwa, farantin a ce mararrabar mai.

Malam na Rusaifa: Madalla da Hajiya, mararraba Hausa ce tsantsa. Abu Nawaf, ban yi nufin taɓa iyaye ba. Amma ina nan a kan masauyi.

Baban Hafsa, Jidda: Na gode muku. Na ɗauki sulluɓewa, ƙwaƙwalwa da mararrabar mai. Zan ce kankana, in bi ta da baɗɗiha sau ɗaya domin su gane ta a bakin 'yan sana'iyya. Giya kam Malam ka yi haƙuri, ba zan iya cire ta ba. Saura solinoyid.

Malam na Rusaifa: Kankana dai ban yarda da ita ba, amma muryarka ce. Solinoyid ka ce makunnin mai.

Oga Bakanike: Makunni na fitila ne, Malam. Wannan buɗe hanya yake yi. A bar shi solinoyid zuwa Alhamis, bayan nan ma dawo kansa.