Neman shawara: in bar yarana su kalli fim ɗin Miss Peregrine tare?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Babbar 'yata, mai shekara 13, ta ishe ni da zancen wani fim, Miss Peregrine's Home for Peculiar Children, wai ƙawayenta duk sun kalla. Ta ce labarin wasu yara ne masu baiwa, wata na tashi sama, wani ba a ganinsa. Damuwata ƙaninta ne. Shekararsa 7, duk abin da ta kunna yana manne da ita, ga shi da tsoro, ko bayi da dare sai an raka shi. Waɗanda suka kalla, don Allah me kuke gani?

Wata uwa:
Wa alaikumus salam. Yaya, babbar ba laifi, amma ki raba ƙaramin da shi. Ni na yi wannan kuskuren, jin an ce fim ɗin yara ne. Akwai wasu dogayen dodanni marasa idanu, harsuna kamar igiya na fitowa daga bakinsu, kuma idanun yaran nan suke farauta. Har an nuna miyagun zaune, ga faranti cike da ƙwayar ido suna ci. Nawa kwana uku ya yi a ɗakina, yana rufe ido da tafin hannu har barci ya ɗauke shi.

Wani ɗan uwa:
Hajiya, dama ba don ƙanana aka yi shi ba. A Amurka an sa masa alamar PG-13, wato a yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13, a Ingila kuma 12A. Tim Burton ne ya ba da umarni, ya fito a 2016, daga littafin Ransom Riggs na 2011.

Labarin kansa yana da daɗi. Jake, yaro ne a Florida, ya tarar da kakansa yana gab da rasuwa an cire masa idanu, sai ya bi sawun labaran da tsohon yake ba shi har wani tsibiri a Wales. A can ya sami gidan da kullum rana ɗaya ake maimaitawa, 3 ga Satumba 1943. Duk dare, bam ɗin Jamusawa na daf da sauka a kan rufin, sai Miss Peregrine ta juya agogonta lokaci ya koma baya. Wurin nan ya fi ko'ina taɓa ni, mace ɗaya tsaye a cikin ruwan sama tana ƙirga daƙiƙa saboda yaran da ke hannunta. Emma na sa takalmin dalma don kada iska ta ɗauke ta, in ta cire sai an ɗaura mata igiya a ƙugu. Hugh kuwa ƙudan zuma ne ke zaune a cikinsa.

Wata malamar firamare:
Ƙari kaɗan. Akwai Enoch, mai cusa zuciya cikin 'yar tsana ko gawa ta motsa. Ki zauna kusa da 'yarki a wurin, ki tuna mata ƙirƙira ce, rayarwa ta Allah ce shi kaɗai. Sannan ki tambaye ta me ya sa aka ɓoye yaran nan daga mutane. Da na yi wa tawa wannan tambaya, shiru ta yi, can sai ta kawo zancen wata zabiya da ake tsokana a ajinsu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar ƙaramin zai je wurin kakarsa, sai mu kalla ni da ita. Yana da tsawo ne?

Wani ɗan uwa:
Awa 2 da minti 7. Ku fara bayan azahar, kafin ya dawo kun gama.