Kat da Sigari: Shawarwarin da Suka Fito

A wata tattaunawa da aka yi kan masu tauna kat, wani ganye mai sa kuzari, a Yaman, Somaliya, Habasha da Kenya, magana ta fi tsayawa a kan taba. Kusan kowa ya yarda cewa su biyun tare suke tafiya. A birnin Sana'a na Yaman da zarar an yi azahar sai a zauna, kowa ya cusa ganye a kunci guda, shisha a tsakiyar ɗaki, tagogi a rufe, har magariba. Sinadarin katinon da ke cikin ganyen yana wartsake mutum, hira ta yi daɗi, kara ya bi kara. Akwai ma waɗanda ba sa taɓa sigari sai ranar da suka tauna.

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce, mai son barin taba ya fara da ƙaurace wa majalisar kat, don a can ake komawa ruwa. Wasu suka ce a hana busa hayaƙi a ɗakin zaman, ko don yaran gida. Likita kuwa in ya tambayi mutum batun taba, ya tambaye shi batun kat, ya auna hawan jini, ya leƙa cikin kunci ko akwai farin tabo. Batun haramta ganyen, yadda Birtaniya ta yi a 2014, a nan ne baki ya rabu.