Shawarwarin 'Yan Kantin Kwari kan Sayar da Kaya a Intanet

A hirarmu da wasu masu sayar da atamfa a Kantin Kwari, bakinsu ya zo ɗaya: hoto ke jawo mai saye. A ɗauka da rana, kada launi ya saɓa da abin da zai karɓa. Ni ma nan na fi ba su gaskiya.

Shafukan ba ɗaya ba ne. Jumia da Konga, da aka buɗe a 2012, suna karɓar kuɗi, a kai kaya, su cire kamasho, don haka a lissafa shi kafin sa farashi. Jiji kuwa talla kawai, ciniki tsakanin mai kaya da mai saye ne. A can, in ji wani dattijo, kada a saki kaya don hoton rasit, sai kuɗi sun shiga asusu.